Fusae da Bareyin Hanyar Fadama

Fusae ba mutuniyar tudu ba ce, aure ne ya kai ta can. A nan bakin teku aka haife mu ni da ita, a Hamanaka, gidansu yana kallon namu, filin tsakuwar shanya ne kawai a tsakani. Tun ba mu san dama da hagu ba muke jan ganyen kombu, wani dogon ganyen teku da ake shanyawa a sayar, daga kwalekwalen iyayenmu muna shimfiɗawa a kan tsakuwa. Ganye ɗaya ya ninka tsawonmu nesa ba kusa ba. Ita ta kama kai, ni in kama wutsiya, mu yi ta ja da baya har ya miƙe. Makaranta ba mu yi nisa ba. Abin da na fi tunawa a aji shi ne ƙeyar Fusae, don ita ce a gabana, kuma kullum da ɓurɓushin gishiri a gashinta.

Ta auri Kuniyoshi, mai shanun madara a Chanai, can bayan fadama. Mutum ne shiru-shiru mai manyan hannuwa, wanda bai taɓa son teku ba. Warinsa, in ji shi, tayar masa da zuciya yake yi. Ni kuwa na auri Yasuzo ɗan maƙwabtanmu, ban matsa ko nan da can ba. Ranar da aka tafi da ita na yi kuka kamar wata duniya aka kai ta, alhali in a babur ne, kafin shinkafa ta nuna mutum ya isa.

Babur ɗin ma Kuniyoshi ne ya saya don zagayen makiyaya, ɗan ƙarami, shuɗi, mai kwando a gaba. Ba a daɗe ba ta ƙwace shi. Da rani ya shigo, lokacin ɗibar kombu, tana gama tatsar safe sai ta cusa kai cikin hular kwano ta ratso fadama. Bayan Kuniyoshi ya rasu aka sayar da shanun, ɗansu ɗaya tilo, Tetsuro, yana aiki a Sapporo, sai ya zama ba tatsa ba komai da zai tsare ta. Daga nan ta koma zuwa tun asuba.

Aikin kombu ba ya jiran kowa. Da asuba ake duba sama, in ranar shanya ce lasifikar gari ta faɗa, maza su zuba cikin teku, mu mata mu tsaya a tsakuwa muna jira. Ni ke buga mata waya. Ba ta ma cewa komai, sai in ji ta ajiye. Kafin kwalekwalen farko ya dawo, ga fitilarta tana iyo a cikin hazo can saman gangare, ba a ganin babur ba a ganin mutum, sai wannan ɗan haske rawaya yana saukowa a hankali kamar wanda aka ɗora a kan ruwa.

Yasuzo ya ɗaga murya daga bakin ruwa, "Ga matar makiyayi nan! Yau ma ba su cinye ki ba?"

Ta ce, "Busasshen kifi, ja igiyarka ka bar ni. Sun ce in gaishe ka, sun ce ƙahonsu ya fi gashin kanka yawa."

Bareyin take nufi. Muna yara sai mutum ya shekara bai ga ɗaya ba. Yanzu kuwa sun fi mu yawa. Suna fitowa da asuba da kuma faɗuwar rana, daga dajin da ke gefen fadama, su tsallaka titi ba sallama. Mai mota in ya haɗu da su motarsa ce ke shan wahala. Mai babur jikinsa ne motar. Duk rani sai mun ji labarin wani yaro daga kudu, cikin masu zuwa yawon shan iska da manyan babura, an kwashe shi zuwa asibitin Kushiro.

Fusae tana da yadda take zama da su. Sau da yawa na hau bayanta, na ji da kunnena. Takan ce, "Ta farko 'yar aike ce. Kar ki bi ta da ido, ki dubi inda ta fito, can sauran suke." Takan ce kofatonsu santsi yake yi a kan kwalta, shi ya sa suke daskarewa a tsakiyar titi, ba taurin kai ba ne, tsoron faɗuwa ne irin na tsohuwa a kan ƙanƙara. Takan ce ba a kaucewa, birki ake takawa a miƙe, hannu biyu a kan babur, komai zai faru. In ta tsaya kuma sai ta yi musu magana kamar maƙwabtan da suka tare ƙofa suna hira.

"To, Uwargida, wuce mana. Ina 'yar taki? Ai na ga kunnenta a cikin ciyawa. Fito, ba na cizo."

Sai kuwa ƙaramar ta fito, ta yi tsalle ta bi uwar. Fusae ta ɗan ƙara jira, ta ce, "Akwai sauran mai magana?" sannan ta ja.

Haka ta yi shekara da shekaru ko ƙwarzane ba ta samu ba. Sai wata kaka, lokacin da mazan bareyi ke haukacewa da neman mata, ba sa gani ba sa ji. Ta zo karɓar kifi wurina, muka zauna hira har rana ta yi ja. A hanyar komawa wani ƙato mai ƙaho kamar reshen itace ya fito daga daji, ba tsallakawa ya zo yi ba, kanta ya nufo kamar ba ta nan. Ya ɗauke ta da kafaɗa ya watsa cikin ciyawa. Direban motar madara ne ya same ta zaune a bakin titi, hannu ɗaya yana lilo, tana ta sababi tana tsintar kifinta.

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Tetsuro ya taso daga Sapporo a ranar. Ina zaune a bakin gadonta ina fere mata tuffa ya shigo, fuskarsa fara fat.

Ya ce, "Inna, ya isa haka. Na gyara miki ɗaki. Akwai ɗumi, asibiti yana kusa, jikokinki suna ta tambayarki."

Ta ce, "Ka gaishe da Goggonka tukuna, ko a birni ba a gaisuwa?"

Ya sunkuya ya gaishe ni, ya koma kanta. "Inna, da kanki ne ya bugi kwalta fa?"

"Ai bai buga ba."

"Da ya buga fa?"

"Da yanzu kana hutawa da surutuna."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya rufe fuska da hannuwa, manyan hannuwa irin na ubansa. Sai na ga jikin Fusae ya yi sanyi. Ba ta iya ganin yaron nan cikin damuwa, tun yana goye.

Suka yi ta ja-in-ja har ruwan shayi ya huce. Ita ba gidan kawai take karewa ba. Ta san in aka karɓe babur an karɓe gidan, don ba mai zama a Chanai shi kaɗai ba abin hawa, kuma mota ba ta taɓa koya ba. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Za ta zauna a gidanta, za ta riƙe babur ɗinta, amma ba za ta ƙara hawansa da asuba ko da faɗuwar rana ba, sai rana tana sama. In kuwa ta sake faɗuwa, ko da rana tsaka ne, za ta tattara ta bi shi ba gardama.

Ya ce, "Goggo Tokie ce shaida."

Fusae ta ce, "Ba na bukatar shaida. Yaushe na taɓa faɗa maka magana na canja?"

Gaskiya ne. Mace ce da in ta ce gobe, to gobe ne.

Hunturu ya zo ya rufe komai, babur yana rumfa, ba wanda ya tuna da alkawari. Sai da rani ya dawo lasifika ta yi kiran farko muka gane abin da aka ɗaure ta da shi. Na ɗaga waya, na tuna, na ajiye. Ta iso rana ta take, mun riga mun shimfiɗe komai, filin tsakuwa ya yi baƙi ƙirin da ganye. Ta tsaya a gefe da hular kwano a hannu kamar baƙuwa. Ta sunkuya ta gyara wani ganye da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Kun gama."

Na ce, "Akwai kwasa da yamma."

"Da yamma ina hanya. Ni yanzu kaza ce, da wuri nake shiga akurki."

Yasuzo bai tsokane ta ba ranar. Shi ma ya ga abin da na gani.

Na ce mata, "Ke, wai me zai hana ki riƙa kwana a nan? Ga ɗakin yara ba kowa. Ki zo da rana, ki koma da rana."

Ta dube ni kamar na ce ta yi fiffike. "Wa zai ba Kuniyoshi shinkafarsa?"

Na manta da wannan. Tun da ya rasu, kowace safiya tana buɗe ɗan akwatin mamata da ke ɗakinta, inda allon sunansa yake tsaye, baƙi mai rubutun zinariya. Ta zuba masa shinkafar farko daga tukunya a ɗan ƙoƙo, da shayi mai zafi, ta kunna turare, ta kaɗa 'yar ƙararrawa, ta faɗa masa yadda gari ya waye. Duk muna yi wa namu, amma ita ba ta taɓa tsallake rana ba. Da take asibiti ma abin da ya fi damunta ke nan. Maƙwabciyar da ta roƙa ta riƙa zuwa, burodi ta riƙa ajiye masa, Fusae ta yi wata guda tana ba shi haƙuri.

Na ce, "Kwana ɗaya ba zai mutu da yunwa ba."

Ta ce, "Ai shi ya sa. Wanda ya riga ya mutu ba ya iya zuwa kicin da kansa."

Na ɗauka magana ta ƙare. Bayan kwana biyu, da rana tsaka, sai ga babur yana saukowa gangare a hankali fiye da kullum, kamar mai ɗauke da ƙwai. A cikin kwandon gaba akwai wani abu naɗe da tawul, an tokare shi da matashi ta ko'ina. Ta kashe inji, ta ɗauko shi da hannu biyu.

Ta ce, "Na kawo muku baƙo. Ku yi haƙuri da shi, ba ya magana da yawa."

Yasuzo ya leƙa cikin tawul ya ga allon, ya ja da baya ya cire hula. Sannan ya ce, "Kuniyoshi! Yau kai ne a gidana? Kana da rai na gayyace ka har na gaji, ka ce wari. To ga shi an kawo ka a kwando kamar kabeji."

Fusae ta ce, "Na tambaye shi, bai ce a'a ba."

"Yaushe ya taɓa ce miki a'a?"

Muka share masa wuri a kan kantar ɗaki, kusa da taga. Yasuzo da kansa ya juya allon ya fuskanci bango, wai kar ganin ruwa ya sa shi jiri. Fusae ta juyo da shi ta ce lokaci ya yi da zai saba.

Ban san yadda zan faɗi daɗin wannan rani ba. Mun tsufa, gwiwoyinmu suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma muka koma kamar 'yan mata. Ta kwana biyu ko uku a wurinmu, ta naɗe mijinta ta koma ta duba gida da lambu, ta dawo. Da asuba in ji motsinta a kicin, in ji 'yar ƙararrawa, in ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Yau akwai hazo, amma zai tashi. Ka ci, ta gidan Tokie ce, ta ɗan yi ruwa." Sai mu fita tare, kafin lasifika ma ta yi magana.

Wata safiya muna tsaye a tsakuwa, maza sun tafi, hazo ya sauko har ba ka ganin inda teku ya ƙare da inda sama ta fara. Ba iska. Ruwa yana numfashi a hankali kamar saniya mai barci. Fusae ta taɓa hannuna. Can gefen fili, inda daji ya gangaro, ga bareyi sun sauko bakin ruwa. Hazo ya shanye ƙafafunsu, sai jikuna kawai suna tafe a kan farin abu, ɗaya bayan ɗaya, ba ƙarar tsakuwa ko kaɗan. Suka sunkuya suna lasar gishiri a jikin duwatsu. Wata ta ɗago ta dube mu. Akwai raɓa a gashin idonta.

Fusae ta yi raɗa, "Tokie, ashe haka suke da kyau?"

Na ce, "Ke da kike ganinsu kullum?"

"Ƙafafu nake dubawa, in ga ina za su nufa. Ban taɓa kallon fuskarsu ba."

Muka tsaya har hazon ya haɗiye su. Ba mu ga tafiyarsu ba, kawai dai muka ga babu su. Ta daɗe ba ta saki hannuna ba.

Sai Obon ya matso, kwanakin da mamata ke dawowa gidajensu. Dole Kuniyoshi ya koma Chanai. Da yammar ranar farko ake kunna 'yar wuta a ƙofar gida don su gane hanya, kuma ba a yi wa mutum maraba a gidan aro. Fusae ta yi niyyar tafiya tun ana gobe, amma an yi kwanaki ana ruwa ba a fita ba, sai ga shi ranar ta waye tas, lasifika ta yi kira, kira na ƙarshe kafin hutu. Ta ce za ta taya mu shimfiɗa ta wuce.

Muka shimfiɗa. Ganye ya yi yawa ranar, mai kauri mai kyau. Na ce ta tafi, ta ce bari ta sha shayi. Tana shirin naɗe allon sai Yasuzo ya nuna teku da haɓa. Wani farin bango ne ya taso daga can nesa yana matsowa. In hazo ya taɓa kombun da ya kusa bushewa, aikin rana ya tashi a banza. Kowa ya ruga. Na juya na gan ta a tsakiyar fili da dami a kafaɗa.

Na ce, "Ke tafi mana!"

Ta ce, "Kama wutsiya ki daina ihu."

Da muka shigar da rabi ta dubi sama. Rana tana nan, ba ta ko fara ja ba.

Yasuzo ya ce, "Matar makiyayi, ɗan jira. In na sauke wannan lodi sai in ɗora ku a mota, ke da shi da babur."

Ta ce, "Kai da gamawa sai duhu. Ga shara, ga furanni ban yanko ba, ga girki. So kake iyayensa su iso su tarar da gida kamar kango? Uwar mijina tana da rai ma ban tsira ba."

"To ki bi a hankali."

"Rana tana sama, ban karya alkawari ba. Kai dai kula da ganyenka."

Ta tokare allon a kwando da matashi, ta ɗaga mini hannu, ta hau gangare.

Sauran a bakinta na ji, a asibitin Kushiro, bayan an yi mata aiki a ƙugu. Ta ce hazon ya riga ta isa fadama. Ya bi ta kan kogi ya sha gabanta, rana ta koma kamar farin faranti, sannan ta ɓace. Su kuwa bareyi ba agogo suke dubawa ba. Da haske ya dushe suka ɗauka yamma ta yi, suka fito.

Ta ce, "Tafiyar ƙafa ma ta fi ni sauri. Na ga ta farko, na taka birki, na dubi inda ta fito. Komai daidai, Tokie, kamar kullum. Ta biyu ta fito, ƙarama. Kofatonta ya zame, ta zo ta bugi kwandon. Ba da ƙarfi ba ma. Sai na ga tawul ya yi sama."

Ta dubi hannunta na hagu.

"Shekara nawa ina faɗa wa mutane hannu biyu, hannu biyu. Wannan bai tambaye ni ba, shi ya tafi da kansa."

Allon ta cafe a iska. Babur ya kwanta a kanta. Da masu motar asibiti suka zo suka same ta kwance a titi da allon a ƙirji, ko ƙura bai taɓa shi ba. Ta ce tana kwance tana jin tafiyarsu kewaye da ita, ƙwas, ƙwas, a hankali, suna wucewa cikin farin nan, wata har ta sunkuyo ta shinshina hularta. Ta ce ba ta ji tsoro ba, kuma ciwon bai zo ba sai daga baya. Abin da ya dame ta kawai shi ne ba wanda zai kunna wuta a ƙofa.

Na ce, "An kunna. Yasuzo ya je."

Ta rufe ido. "Busasshen kifi," in ji ta, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta.

Tetsuro ya zo da shirin faɗa, na gani a kafaɗunsa. Bai samu abokin yi ba. Yana shigowa ta ce, "Ɗakin nan da ka gyara, tagarsa ina take kallo?"

Ya ce, "Gabas, Inna."

"To. Ka samo kwalaye."

Na so ta yi gardama. Na so ta ce hazo ne, ba laifinta ba ne, rana tana sama. Ni da aka kira shaida a shirye nake in tsaya mata. Da ya fita na faɗa mata haka. Ta ce, "Ko da rana tsaka ne, haka muka ce. Kuma ki dubi ƙafar nan. Wa zai tayar da babur da ita?"

Sau ɗaya na je wurinta a Sapporo, da kaka. Can saman wani dogon bene suke. Ɗakin yana da ɗumi da tsabta, matar Tetsuro mutuniyar kirki ce, jikoki suna shigowa suna hawa gadonta. Ba abin da ta rasa. Ta yi fari, ta yi ƙiba kaɗan, hannuwanta sun yi laushi har na kasa gane su da na riƙe. Yawancin yini tana kujera a bakin taga da sandarta a gefe.

Na ce, "Me kike kallo haka?"

Ta ce, "Titi. Kin san nan ba abin da ke fitowa daga daji? Mutane ne ke fitowa daga cikin ƙasa, ta wancan rami na tashar jirgin ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. In na ga na farko sai in ce, to, akwai saura."

Muka yi dariya har ta kama tari. Da ya lafa ta ce takan yi mafarki tana kan hanya, fadama ta yi ruwan zinariya, babur yana tafiya ba ƙara, bareyi suna gudu a gefenta dama da hagu, ba mai tsallakawa, duk wuri ɗaya suka nufa. Ta ce ba ta taɓa isa inda za su ba, kullum sai motar kwasar shara ta tashe ta.

"Ƙaramar barewar nan fa," in ji ta, "ta tashi kuwa? Ban ga tashinta ba."

Na ce ba a ga komai a titi ba sai gashi kaɗan a jikin kwando. Ta gyaɗa kai, ta ce to madalla.

A hunturu na biyu ciwon huhu ya kama ta, bai ɗauki lokaci ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ban samu zuwa ba sai da aka gama komai.

Da bazara Tetsuro ya zo rufe gidan Chanai, ya biyo ta wurinmu. Ya zauna a kicin ɗina, babban mutum da furfura a gefen kai, yana juya kofin shayi bai sha ba. Yasuzo ya ga alama ya fita wai zai duba raga.

Ya ce, "Goggo, in tambaye ki?"

Na ce, "Tambayi, ɗana."

"Da na bar ta a gidanta fa? Ko da sanda, ko da rarrafe. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ko sau ɗaya. Shi ne yake hana ni barci. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi."

Ba na son in yi masa ƙarya, shi ma zai gane. Na ce masa uwarsa ta yi kewar gida, wannan gaskiya ne, kowa ya gani. Na ce masa kuma da ya bar ta, da wata safiya maƙwabta za su tarar da ita a ƙasa cikin sanyi, shi kuma ya zo nan ya yi mini wata tambayar da ta fi wannan ɗaci. Na ce ba shi ya raba ta da gidanta ba, ba kuma 'yar barewar ba. Tsufa ne ya zo, ta gan shi, ta tsaya masa da mutuncinta. Ta bi shi Sapporo ne don tana son ya riƙa barci.

Sai ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin na yara. Ban hana shi ba. Na tashi na ɗora miya a wuta, na gasa kifi, na zuba shinkafa na tura gabansa. Ya ci yana jan hanci, ya miƙo kwano na ƙara masa. Ni ban iya ci ba. Na zauna ina kallonsa, ina jin kewar ƙawata tana cika mini ƙirji, har Yasuzo ya gaji da duba ragar da ba abin da ya same ta, ya yi tari a bakin ƙofa ya shigo.